Ƙeyar Ɗan Fari

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ba na jin nauyin faɗa. Baki Allah ya ba ni. A Nasarawa ta Kaduna, a zamaninmu, in ana biki ko suna mata suka gaji da rawa, ni ake aikawa a kira in zauna in ba da labari. In na siffanta miki mutum sau ɗaya, ko a tsakiyar kasuwar Kakuri kika gamu da shi sai kin gane shi. Yau da nake faɗa ana rubutawa, Baba Mai Zane nake so a ajiye wa labari, mutumin da ya yi shago a bakin kogi, ƙasa da layinmu. Sai dai nasa da nawa sun riga sun sarƙe, ba a jan ɗaya a bar ɗaya.

Ya zo mana ne a shekarun nan da masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, ana bin layi a kan sabulu da madara kamar ana rabon sadaka. Ya kama wani tsohon ɗaki da masu haƙar yashi ke ajiye shebur, ya shafe shi da farin fenti, ya kafa allo a sama. Maƙwabciyata Madam, Ibo ce mai shagon tireda, ta yi makaranta, ita ta karanta min allon. Ta ce an rubuta Gidan Zane, kuma ta ji mai wurin daga masaƙa ya fito, don haka atamfa za ta yi araha. Muka ɗaura lalita muka gangara. Muna shiga, babu ko ƙyalle. Bango duk hotuna ne na fenti: mata a bakin rijiya, jirgin ƙasa a kan gada, wani tsoho da lalataccen haƙori yana dariya. Na tambayi dattijon da ke zaune ina zannuwan suke. Sai da ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce:

"Hajiya, a rubuce ɗaya suke, baki ne ke raba su. Na ɗaurawa gajere ne. Nawa sai kin ja shi kaɗan."

Na ce masa ban je Makka ba, ya daina lanƙaya min abin da ban biya ba. Ya ce shi ya biya min da baki, saura jirgi. Daga ranar har ya bar duniya Hajiya yake ce min.

Mutumin kudu ne, daga ƙauyukan nan na cikin duwatsu, ɗan coci. Ya ce tun yana ƙarami yake shan bulala a kan zanen gawayi a jikin rumbun ubansa. Ya yi shekaru a masaƙa yana zana furannin da ake bugawa a atamfa, shi ya sa yakan ce rabin matan Kaduna sun ɗaura hannunsa a ƙugu ba su sani ba. Madam takan ce masa tsoho marar kunya, shi kuma ya ce ai wadda ke jikinta ma shi ya zana. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, 'ya'yansa suna Ikko.

Ba nasa kaɗai yake ratayewa ba. Masu sassaƙar ƙwarya, da ɗaliban da ke koyon zane, da wani gurgu mai yin dawakin wasa da wayar ƙarfe, duk wurinsa suke kawo kaya. Masu saye ba su da yawa, sai jifa-jifa Bature ko Ba'indiye daga masaƙa. Amma wurin ba ya rabuwa da mutane. Ya kafa benci yana fuskantar ruwa, kowa ya zo ya zauna: makanikan Sabon Tasha da baƙin mai a hannunsu, mata masu wanki, masu yashi da jiƙaƙƙen wando. Bai taɓa ce wa kowa kar ya taɓa ba. Yana ajiye buta da tabarma a bayan ƙofa saboda Musulmi, kuma in la'asar ta yi shi ke korar su, ya ce su je su yi salla kar a ce shi ya hana. Da na ga jama'a, sai na kafa tandar waina a gindin mangwaron ƙofarsa. Yana zane, ina soya, ina ba da labari. In na siffanta wani, wani lokaci kafin in kai ƙarshe ya ɗaga takarda, ga mutumin nan tsaf har da karkatar hularsa.

To, ina da ɗan fari namiji. Mu a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a ƙura masa ido. Haka uwata ta yi wa yayana, haka kakata ta yi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ƙauye, bai dawo hannuna ba sai da ya zama saurayi ya samu aiki a masaƙa, lokacin ubansa ya riga ya rasu. Ya zauna a ɗakin waje kusa da zaure. Da safe zai zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa, ya gaishe ni, in amsa ina duban tukunya. In zan aika masa tuwo sai in ce wa ƙanwarsa ta kai wa mai ɗakin waje. Mata suna misali da ni a unguwa, suna cewa wance ta iya kunya. Na iya ɗin, kuma har gobe ban ce tarbiyyar banza ce ba.

Da sallama ta kai kansa, bai zauna ba, ya bi masu yashi. Kwalekwale suke shiga, su nutsa da bokiti su ɗebo daga ƙasan ruwa. Wata damina kogi ya cika har ya taɓa gindin mangwaro, manya suka ce a dakata, amma gida ba hatsi. Kwalekwalensu ya kife da tsakar rana, mutane suna kallo daga bencin Baba. Sauran suka fita, shi bai fita ba. Sai da aka yi kwanaki aka same shi can ƙasa, nesa da gari. Maza suka yi masa sutura a wurin, suka dawo suka ce min ruwa ya riga ya yi aikinsa, ba abin da uwa za ta gani ba ne. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka, na katin masaƙa, shi ma yana aljihunsa.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na zauna na karɓi gaisuwa, ina ce wa mutane sai haƙuri, kamar su aka yi wa rashin.

Bayan an yi arba'in, ina cikin tankaɗen garin shinkafa, na ce bari in tuna fuskarsa. Na nema na rasa. Na ajiye rariya na rufe ido na sake nema. Jaririn da na shayar ya zo min, da kumatunsa da komai. Saurayin kuwa, sai hula, sai wuya, tsakaninsu babu kome, kamar an shafe da hannu. Na ce gajiya ce, gobe zai zo. Gobe ta yi bai zo ba. Na fara barin tanda a kan wuta in tafi ƙofar masaƙa lokacin tashi, in tsaya ina duban samari ɗaya bayan ɗaya, ko hancin wani ko idon wani zai tuna min. Har wani mai gadi ya tambaye ni ko na ɓata ne. Abinci ya daina shiga. Ƙanwarsa tana gabana, ta san fuskar yayanta, amma da wane baki zan tambaye ta? Uwa ta ce wa 'yarta, yaya kamannin ɗana suke?

Ƙarshe na gangara wurin Baba da hantsi, lokacin da benci ba kowa. Na fara kewaye-kewaye, na ce akwai wata mata a Unguwar Boro, ɗanta ya rasu ba hoto, tana tambaya ko ana iya zana wanda ba ya nan. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce matar nan ta kyauta da ta zo da ƙafarta, in gyara zama.

A ranar na san abin da yake ɓoye mana. Ciwon suga ya daɗe yana cin idonsa. Ashe shi ya sa yake kai hanci har jikin takarda, mu muna yi masa tsiya wai yana shinshinar fenti. Ya ce yaron ya sha zama a bencin nan, ya san muryarsa, ya san yadda yake dariya ƙasa-ƙasa, amma tun kafin yaron ya fara zuwa mutane sun riga sun zame masa inuwa. Asibiti sun ce abin ba ya komawa baya. Ya ce duk da haka hannu bai manta ba, in ba shi kamanni kawai, ai ni ce mai siffanta mutum a gane shi a kasuwa.

Ya ɗauki fensir. Ya tambayi hanci. Na ce hanci dai. Ya tambayi ido, manya ne ko ƙanana, girar a haɗe take ko a rabe. Na buɗe baki na rufe. Ni da ake aikowa har daga Unguwar Romi a ɗauke ni a mota don baki, na zauna kamar an cusa min tsumma. Ya ajiye fensirin ya ce a nemo waɗanda suka san shi.

Aka yi ta zuwa. Abokansa masu yashi suka ce doguwar fuska ce da siririn gemu. Ƙanwarsa ta ce a'a, fuskar a cike take, kuma yana da wushirya. Madam ta rantse da abin da take bauta wa cewa idonsa irin nawa ne. Baba ya yi ta zana fuska bayan fuska, hancinsa a kan takarda. Ya ɗaga wannan, masu yashi su ce shi ne. Ƙanwar ta ce wallahi ba shi ba ne. Ya ɗaga waccan, ƙanwar ta fashe da kuka, su kuma su girgiza kai. Daga nan duk sai su juyo gare ni, su ce uwa ce za ta raba gardama. Kowace fuska na duba, ɗan mutane ne mai kyau, wanda zan iya wucewa a hanya in amsa gaisuwarsa.

Rannan haushi ya kama ni, na ce masa a gaban kowa hannunsa ne ya lalace, ya daina wahalar da mu.

"Ya lalace, Hajiya, ba ki yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma ko lokacin da yake da kyau, ba ya zana abin da ba a ba shi ba."

Na kwashe tandata na hau gida, na daina gangarawa. Damina ta wuce, ruwa ya janye, ina ɗaki. In na kwanta rana sai in ji ana tsugunawa a ƙofa, in ɗaga kai da sauri don in gani wannan karon, sai kaza.

Madam ce ta shigo min ba sallama ta ce in tashi. Baba ya faɗi a shago, ƙafarsa ta kumbura ta yi baƙi, an aika wa 'ya'yansa, sun ce kafin Kirsimeti za su zo su mayar da shi ƙauye. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba. Na same shi a kan kujera a ƙofar shago, ƙafar a kan bokiti, idonsa a buɗe yana fuskantar ruwa, amma sai da na yi magana ya san ni ce. Tun da mijina ya rasu ban durƙusa wa namiji ba. Ranar na durƙusa a cikin yashi. Na ce ya yafe min maganata, ya zaɓo ko wacce daga cikin fuskokin nan ya sa mata fenti ya ba ni, zan karɓa, zan koya wa zuciyata cewa shi ne. Na ce in ya tafi ban samu kome ba, ba ni da wani wurin zuwa.

Ya ce ba zai yi ba. In ya ba ni fuskar ɗan wata, zan ƙare rayuwata ina yi wa ɗan wata kuka, nawa kuma yana can ba mai tuna shi. Na ce to ya kashe ni kawai ya huta. Sai ya ce:

"In ya gama gaishe ki da safe, ya miƙe zai fita, ina kike kallo?"

Na ce tukunya.

"Hajiya, ba kowa a nan sai ni, ni kuma makaho ne. Ina kike kallo?"

Wannan abu ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ban ma san ana faɗarsa ba. Da zarar ya ba ni baya, nakan ɗaga kai. Daga ƙofar ɗakina zuwa zaure ba mai ganina, ba mai cewa wance ta rasa kunya. Kullum ta Allah ina raka shi da ido har ya shige. In yana gangarawa kogi ina gindin mangwaro, haka nake yi ta ƙarƙashin mayafi.

Bakin da ya ƙi buɗewa sai ya ɓalle kamar an fasa madatsa. Na ce ƙeyarsa tana da tudu, irin ta ubansa, da wani ɗan kwari a ƙasa inda gumi ke taruwa. Kunnen hagu ya fi na dama buɗewa. Hula kullum a ture take gaba, ana ganin inda wanzami ya tsaya. Kafaɗar dama ta sauka tun daga aikin masaƙa. Akwai tabon ƙuna a bayan gwiwar hannunsa, mai kamar ganyen zogale, kunu ne ya zubo masa yana rarrafe, ni na shafa masa man shanu. Shuɗiyar rigar da yake zuwa yashi da ita ta yage a kafaɗa, na ɗinke ta da baƙin zare don shuɗi ya ƙare, na ba ƙanwarsa ta ce ita ta yi. Ba ya taka dunduniyar hagu sosai, kaushi ya tsaga ta.

"A hankali," in ji Baba. "Hannuna bai kai bakinki gudu ba."

Ya sa aka fito masa da wani falankin katako. Ba ya iya aiki sai da hantsi, in rana ta yi ƙarfi, don a lokacin ne yake ɗan ganin duhu da haske. Launi kuwa ya riga ya ɓace masa, ni nake zaɓa, in ce wannan shuɗin ya yi duhu, a ƙara fari, ruwa da sabulu sun cinye rigar. Ni da ban san alif ba, na zama mai gyara wa mai zane: sauke kafaɗar, ƙara, ya isa. Wata rana zazzaɓi ya hana shi tashi, na zauna a gaban katakon, rabin mutum a jiki, ba ƙafafu, ina roƙon Allah ya ara masa kwana ko da daga nawa ne. Na dafa masa farfesu na kai, ya ce ashe sai yana mutuwa zan daina yi masa rowa. Wasu samari suka biyo ni har gida suka ce zanen mai rai ba kyau, ina Musulma. Na ce su je su tambayi iyayensu mata ko sun san fuskarsu, su dawo mu yi magana. Ba su dawo ba.

Ranar da ya gama, ya ce in ja baya har gindin mangwaro, inda nake zama, in duba daga can. Na je na juyo. Ga shi nan yana gangarawa, shebur a kafaɗar hagu, hula a ture, dunduniya a ɗage, ruwa a gabansa. Ba sai an kira kowa ya raba gardama ba. Sunan da na yi shekaru ina kewayewa, wanda ko a ranar suna ban furta ba, na ji ya fita daga bakina da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya dawo ya ɗauki abin da ya manta. Masu wanki suka ɗago kai. Na kama bakina.

Baba ya sa ɗan yatsa a kunne yana sosawa. Ya ce ciwon nan ya fara taɓa masa ji, ban yi magana ba ko?

Na ce ban yi ba.

'Ya'yansa suka zo da mota kamar yadda suka ce. Kafin a ɗauke shi ya sa aka mayar wa kowa kayansa, masu ƙwarya da ɗalibai da gurgun nan, nasa kuma ya rabar. Madam ta samu jirgin ƙasa a kan gada, makanikai suka ɗauki tsoho mai haƙori suka rataye a garejinsu. Bai kai damina ta gaba ba. Layinmu kaf muka yi hayar mota muka bi shi har cikin duwatsun, Musulmi da Kirista a matse kamar buhunan masara. Masu yashi suka ƙwace shebur daga hannun mutanen ƙauyen, suka ce haƙa sana'arsu ce, su za su yi masa. Ranar na fara shiga coci, na zauna a baya. A can na yi kukan da ban yi a gida ba, kowa ya ɗauka na Baba ne kaɗai. Shagon daga baya wani mai facin taya ya kama shi.

Fuskar ba ta dawo ba. Na ɗauka in na samu bayan, gaban zai biyo, amma har yau shiru, kuma waɗanda suka san ta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, ƙanwar ma ta riga ni. Katakon yana ɗakina, jingine inda nake gani daga gado. Hankalina ɗaya, na san abin da ake kira katako, a gabana aka shafa masa fenti. Duk da haka wani lokaci, in gida ya yi shiru yaran gidan sun tafi makaranta, nakan sauko da shi in juya ɗaya gefen in duba.